Ƙwallayen Fata Da Aka Ɗauka Layu Ne

Ko da zan manta abin da na karya da shi yau da safe, ba zan manta ranar da aka zaunar da ni a ofishin shugabar makarantarmu ana shirin farke mini ƙwallo da reza ba. Shekaru sun ɗan ja, amma har yanzu in na ga gero a tire sai ranar ta faɗo mini a rai.

A lokacin ina koyar da 'yan aji huɗu a wata ƙaramar makarantar firamare a Tudun Wada, nan Minna. Wasan kuwa a waya na tsince shi lokacin wani dogon hutu. Na ga wani mutum yana cilla ƙwallaye uku sama, hannu biyu kawai, yana cafewa yana sake cillawa, ba wadda ta taɓa ƙasa. Na ce in dai mutum ne ya yi, ni ma sai na yi. Da lemu na fara, har mahaifiyata ta ce in na ƙara wasa da abinci a gidanta in nemi wani gidan.

Daga nan na shiga wani zaure a intanet na masu wannan wasa, wanda muke kira cilla-cafke. Akwai ɗalibai, akwai direba, akwai ma waɗanda sana'arsu ke nan, ana gayyatarsu biki da taron yara. Wani manomi daga Kagara ne ya ba ni shawara in sa a ɗinka mini ƙwallaye a cika su da gero, don ba sa gangarawa in sun faɗi. Na hau keke napep na tafi Limawa wurin wani baduku, ya ɗinka mini guda huɗu da jar fata, ƙanana, ɗinki tsaf. Na dawo ina ta murna. Ko kusa bai zo mini a rai ba cewa ƙaramin ƙunshin jar fata mai ɗinki, a garinmu, kowa ya san da me ya yi kama.

A zauren nan akwai wata al'ada. Kowace Asabar ranar faɗuwa ce: kowa zai tura bidiyon da ƙwallayensa suka zube, a yi dariya, a ba shi gyara. Ni ban taɓa turawa ba. Ina da girman kai a wannan fanni, gara in faɗa da bakina. Sai in kulle ɗaki in yi ta fama, in ɗauki bidiyo ashirin, in goge sha tara, in tura ɗayan da ya fita. A makaranta ma haka. Ran Juma'a kafin a tashi nakan yi wa 'yan ajina wasan na minti ɗaya, abin da na tabbatar na iya kaɗai, in tsaya tun hannuna bai gaji ba. Yara suka shiga gari suna cewa ƙwallayen Malama ba sa faɗuwa, da kansu suke yawo. Da na ji, maimakon in gyara zancen, sai kaina ya ƙara fashewa.

A ajin akwai wata yarinya mai i'ina. In an yi mata tambaya sai ta maƙale a harafin farko, 'yan aji su fara ƙus-ƙus, ita kuma ta sunkuyar da kai. A hankali ta daina magana gaba ɗaya. Wata rana lokacin hutun tara na ba ta ƙwallo ɗaya na ce ta riƙa cillawa daga hannu zuwa hannu tana ƙirgawa. Sai na lura in tana bin saukar ƙwallon, ƙirgan yana fita sumul. Daɗi ya kama ni, na ce ta tafi da ita gida ta riƙa gwadawa. Ban aika wa iyayenta ko da kalma ɗaya ba, kuma wannan kuskurena ne.

Kwana uku bayan haka mahaifinta ya tsinci ƙwallon a ƙarƙashin matashinta. Ya tambaye ta, tsoro ya sa ta kasa haɗa magana, abin da ya iya ji kawai shi ne Malama ce ta ba ta. Ya haɗa da labarin ƙwallayen da ba sa faɗuwa, shi ke nan lissafinsa ya cika. Kafin azahar zance ya zaga unguwa cewa akwai malama mai rufa-ido da ke raba wa yara layu. Iyaye biyu suka riƙe 'ya'yansu a gida. Shugabarmu, wadda muke kira Madam, ta faɗa mini ba ɓoye-ɓoye cewa in ban wanke kaina gobe ba, ba za ta iya riƙe ni ba. Aikin ya dame ni, amma sunana ya fi damuna, don a unguwar aka haife ni, a nan kuma mahaifiyata take zuwa masallaci da kasuwa.

Washegari muka zauna mu huɗu: ni, Madam, mahaifin yarinyar, da wata dattijuwa da ke wakiltar iyaye, wadda kowa ke ce wa Hajiya. Mahaifin ba mugun mutum ba ne. Dogo ne mai sanyin murya, kafinta, kuma a fuskarsa tsoro na gani, ba faɗa ba. Ya ajiye ƙwallon a kan tebur da gefen hankici, ko taɓa ta ba ya son yi.

Na ce gero ne a ciki. Ya ce a buɗe. Madam ta sa tire, ta ɗauko reza, ta farke ɗinkin, gero ya zubo. Suka tona da biro, ba takarda, ba gashi, ba komai. Ya ce wataƙila sauran ba haka suke ba, sai na miƙa masa ukun da ke jakata ya zaɓi ɗaya da kansa. Ita ma gero. Ina kallon aikin badukun nan yana wargajewa, raina yana ƙuna.

Ya daɗe yana kallon tiren, sannan ya ce, "Malama, na ga gero. Amma ki gaya mini tsakani da Allah, me ya sa ba sa faɗuwa?"

Na ce gwaji ne kawai, wata da watanni. Hajiya ta ce to in gwada su gani. Ƙwallo biyu suka rage mini, sai Madam ta ciro lemu daga cikin kwandon abincinta ta cika mini uku. Lemun ya fi su nauyi, tafin hannuna kuma ya jiƙe da gumi. Na cilla ta farko, na cilla ta biyu, ina sakin lemun ya kufce, ya daki gefen tebur, ya gangara har ƙarƙashin kujerar mahaifin. Na sake, suka zube. Na uku ma haka. Abin da na yi wata shida ina ɓoyewa a ɗaki, ga shi na yi shi a gaban mutanen da za su yanke mini hukunci. Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Sai na ji Hajiya tana dariya, har tana share hawaye da bakin mayafi. Ta dubi mahaifin ta ce, "Malam, in wannan ce mai aljanun, to aljanunta sun tafi hutu. Wannan ai 'yar carafke ce a tsaye. Mu da duwatsu muka yi tamu, kuma na fi ta iyawa."

Madam ma ta fashe da dariya. Ni kuwa sai na sake ɗauka, suka tashi suka yi ta zagayawa har na ƙirga talatin. Na buɗe waya na nuna musu bidiyon ranar faɗuwa na 'yan zaurenmu, har da manomin Kagara yana bin mangwaro da gudu a gonarsa. Hajiya ta tambaye ni ina nawa bidiyon. Na ce ban taɓa turawa ba. Ta ce ai ga inda matsalar take.

Mahaifin bai yi dariya ba. Ya ce to me ya sa 'yarsa na ba, ban ba sauran ba. Na roƙi a kira ta. Ta shigo a tsorace, na durƙusa na sa mata ƙwallo a hannu, na ce kada ta dubi kowa, ƙwallon kawai za ta duba. Ta cilla. "Ɗaya." Ta cafe da ɗayan hannun. "Biyu." Murya ƙasa-ƙasa, amma ba inda ta maƙale. A sha ɗaya ƙwallon ta faɗi, ta sunkuya ta ɗauka, ta ci gaba daga sha biyu kamar ba abin da ya faru, har ashirin.

Mutumin nan ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Ya ce rabon da ya ji kalma biyar a jere daga bakinta har ya manta. Sannan ya ce, "Malama, ki yafe mini." Na ce ni ce zan nemi yafiya, da na aika musu tun farko da ba a zo nan ba. Ya tattara fatun biyu da geron a leda ya fita da su. Ran Litinin yarinyar ta kawo mini su an ɗinke, an ƙara da guda uku sababbi, nata.

Ba zan ce i'inarta ta warke ba, har ta gama makarantarmu tana yi. Amma ta koma ɗaga hannu a aji, in ta maƙale sai ta numfasa ta ci gaba. Ni kuma Asabar ɗin makon na tura bidiyona na farko na ranar faɗuwa, manomin Kagara ya rubuto cewa sai yau na zama 'yar zaure.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, in ka nuna wa mutane iyawarka ka ɓoye musu wahalar da ka sha, su za su ƙirƙiro maka dalili, kuma ba lallai ya yi maka daɗi ba. Har yau ina yi wa 'yan aji wasan ran Juma'a, amma ba na tsayawa sai ƙwallo ta faɗi sun ga na sunkuya na ɗauka.