Igiyar Falalu

Falalu ɗan kwana-kwana ne, kuma abokina ne tun muna yara a Gama. Soron gidansu yana kallon namu. Tare muka yi firamare, daga nan ni na bi kawuna tasha na koyi tuƙi, shi kuwa ya lallaɓa har ya gama sakandare. Sunana Habibu, ina tuƙa iyalin wani Alhaji a Nassarawa GRA. A cikin gidan nan da nake aiki Falalu ya gamu da ajalinsa, bazarar da ta wuce, ina tsaye a wurin. Ina so in rubuta yadda yake, don 'yarsa Ummu Salma ta sami abin karantawa in ta girma.

Gajere ne, siriri, mai wushirya, dariya ba ta yi masa wuya. Akwai tabon ƙuna a bayan hannunsa na hagu, in yara suka tambaye shi sai ya ce shayi ne ya zube masa. Akwai wani tabon a goshinsa, wannan kam jifa ne. Sun je kashe gobara a wata unguwa, ruwan motarsu ya ƙare wuta ba ta mutu ba, samari suka bi su da duwatsu. Da na je duba shi ina ta faɗa, cewa ya yi, "Habibu, gidan mutum ne yake ci. In kai ne ma ba godiya za ka yi ba."

Mutane sun ɗauka aikin kwana-kwana kashe wuta ne kawai. Falalu ya ce min kiran rijiya da kududdufi da ramin shadda ya fi yawa. Tun da shi ne mafi ƙanƙantar jiki a tasharsu, shi ake zurawa.

Ranar da ba ya aiki yana jan adaidaita sahun wani maƙwabcinsu, domin albashinsa ba ya kai su tsakiyar wata. In ya sauke fasinja a GRA sai ya biyo ta ƙofar gidanmu, mu zauna a bencin Malam Sule maigadi, ƙarƙashin darbejiya. A bencin nan na fara jin maganar da ta hana ni sakewa.

Yana ba mu labarin wata tsohuwa da ya ɗauko daga rijiya, sai ya ce, "Da na isa ƙasa na kwance igiyar na ɗaura mata, aka ja ta."

Na ce, "Ka kwance wace igiyar?"

"Tawa mana."

"Kai kuma fa?"

"Na tsaya a cikin ruwa ina jira a dawo min da ita."

Malam Sule ya ajiye rediyonsa ya ce, "Kai yaro, ba igiya biyu ake zurawa ba?"

Falalu ya yi dariya. "Baba, a littafi biyu ce. A motarmu mai ƙwari ɗaya ce, sauran ko akuya ba za ka yarda ka ɗaure da su ba. Wanda aka je ɗaukowa shi ne mai igiya. Abokan aikina kafin ka ƙifta ido sun kwance ta sun jefo min."

Ya kuma ba mu labarin tukunyar iska, wadda ake goyawa a baya a shaƙa in za a shiga hayaƙi. Guda ɗaya ce mai aiki a tasharsu, suna kiranta Hajiya, wai don ba ta fita sai babban sha'ani. Sauran lokaci kowa hankici yake jiƙawa ya ɗaure hancinsa.

Tun daga ranar, in na ji jiniya sai hankalina ya koma kansa. Ko Hajiyar gidanmu na ɗauko, sai na rage gudu na leƙa bayan jar motar, in ga ko yana ciki. In na kira shi bai ɗauka ba, ba na iya cin abinci sai ya kira ya ce, "Direban Hajiya, an ba ka cingam ne kake nemana?"

Duk shekara in ana karanta kasafin kuɗi a rediyo, Falalu yakan kasa kunne kamar mai jiran sakamakon jarrabawa. A ce za a gyara musu alawus ɗin haɗari, a ce za a sayo kayan aiki. Shekara ta juyo, a sake faɗa. Wata rana na rage masa hanya, muka wuce wani shataletale da aka yi wa sabon fenti da fitilu, ruwa yana ta tsiri a tsakiya. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ka ga wannan? Bana ma ya fi mu samu. Ruwansa ba ya yankewa." Yana dariya ya faɗa, amma ni ban yi ba.

Matarsa Luba ta fi ni shiga damuwa. Ta taɓa tare ni a soro, goye da Ummu Salma, ta ce, "Yaya Habibu, kai yake jin maganarka. Tari yake yi har ya kasa salla a tsaye. Ni ba kuɗin ne ya dame ni ba, ko garin kwaki za mu sha. In ya fita ban san a wane hali za a dawo min da shi ba."

Sai Allah ya kawo hanya. Alhajinmu yana da manyan sito-sito na kaya, yana neman wanda ya san harkar wuta ya kula masa da su. Albashin ya fi na Falalu nesa ba kusa ba, kuma ba rijiya, ba jifa. Na yi wa Alhaji maganarsa, ya ce ya zo.

Falalu ya yi ta ja min rai. Yau ya ce sai an kawo sababbin ma'aikata, gobe ya ce wa za a riƙa zurawa in ya tafi, duk sauran ƙarti ne. Na yi fushi na daina ɗaukar wayarsa. Da kansa ya zo ya same ni ina wanke mota, ya karɓi tiyon ya ce, "Haka ake riƙe tiyo? Shi ya sa ba a ɗauke ka aikinmu ba." Da ya ga ban kula shi ba, ya ce, "To na ji. In watan nan ya mutu zan ajiye. Ka gaya wa Alhaji."

Na rungume shi da kumfa a hannuna. Luba ta aiko min da dambun nama. Amma maimakon hankalina ya kwanta, sai tsoron ya ƙaru. Kullum da safe sai na tambaye shi ko yana aiki yau. In ya ce hutu yake, yana kan adaidaita, sai in ce alhamdu lillahi, yau ba abin da zai same shi.

Ranar da abin ya faru, ranar hutunsa ce.

A bayan gidanmu akwai tankin ƙasa, babban ɗaki ne na siminti da ake tara ruwa, mai zurfi, bakinsa kuwa da ƙyar mutum ɗaya yake shiga. Alhaji ya ce a kwashe sauran ruwan a wanke shi kafin damina. Mai kula da lambun gidan, Mamman, magidanci ne daga wajen Haɗeja, bai daɗe da zuwa ba. Ya saba da injin ban-ruwa a fadama, inda iska take kaɗawa ta ko'ina. Da ya ga tiyon injin da zai zuƙe ruwan bai kai ƙasa ba, sai ya zura tsani ya sauka, ya ce Malam Sule ya miƙo masa injin, ya tayar da shi a ciki. Ba wanda ya ga laifin haka a cikinmu. Ni ma na wuce na ji injin yana ta ƙugi a ƙasa, ban kawo komai a raina ba.

Wajen azahar na ji Malam Sule yana salati. Na ruga. Hayaƙin injin ya cika tankin, Mamman ya yunƙura zai hau, jiri ya kwashe shi, ya faɗi tare da tsanin. Muna hango shi kwance a cikin ruwa iya idon sawu, ba ya motsi.

Falalu ya raba wa duk masu gadin layinmu lambarsa, ya ce ko da ta tasha ba ta shiga ba. Sai Malam Sule ya kira Falalu kai tsaye. Ashe yana Badawa ya sauke fasinja. Shi ya kira tasharsu yana tafe, kuma ya riga motar isowa.

Da silifas ya shigo, da wata tsohuwar rigar ƙwallo. Ya ɗaga kujerar adaidaitar ya zaro igiyarsa, wadda ba ya rabuwa da ita. Ya leƙa tankin, ya ja da baya yana tari.

Na riƙe hannunsa na ce, "Falalu, ka jira motar. Suna tafe da Hajiya, tukunyar iskar."

"In na jira, gawa za su ɗauko."

"Saura kwana nawa ka ajiye aikin nan? Don girman Allah ka jira."

"Sake ni, mutumina. Nemo wata igiyar in akwai."

Na ruga na buɗe but ɗin mota, babu. Na duba ɗakin janareta, babu. Kafin in dawo ya jiƙa hankici a famfo ya ɗaure hancinsa, ya zarga igiyar a ƙirjinsa. Ni da Malam Sule da wani direban maƙwabta muka riƙe, muka zura shi.

Muka ji injin ya mutu. Muka ji muryarsa daga ƙasa, "Yana da rai!" Igiyar ta yi sako-sako a hannunmu, na san abin da yake yi. Can ya ce, "Ku ja!"

Muka ja. Mamman yana da nauyi, kafaɗarsa ta maƙale a bakin tankin, da ƙyar muka fito da shi muka shimfiɗe a kan ciyawa. Na durƙusa zan kwance igiyar.

Ɗaurin nasu na kwana-kwana ne. Daga baya aka nuna min, akwai inda ake lanƙwasawa ya saki nan take. Mu ba mu sani ba. Igiyar ta jiƙe, nauyin Mamman ya ƙara tamke ta. Na sa farce, na sa haƙori. Direban maƙwabta yana ja ta wani gefen, yana ƙara ɗaure ta. Na yi ihu a kawo wuƙa, Malam Sule ya ruga kicin da tsufansa. Ina jin Falalu yana tari a ƙasa. Na leƙa na ce, "Ga ta nan zuwa! Ka yi haƙuri, ga ta nan!"

Ya ce, "Kai dai direba ne." Muryar ta yi ƙasa ƙwarai, amma na rantse dariya yake yi.

Da aka yanke igiyar na jefa masa, ta sauka a kusa da ƙafarsa. Yana zaune, ya jingina da bango, hankicin ya zame zuwa wuyansa. Na kira sunansa. Na kira shi da sunan da babarsa take kiransa. Bai ɗaga hannu ba. Na zura ƙafata zan shiga, su biyu suka danne ni a ƙasa, Malam Sule yana kuka yana cewa, "Ba za a yi uku ba, Habibu, ba za a yi uku ba."

A haka muka ji jiniya. Shugaban aikinsu na ranar, Malam Abdulbaƙi, shi ya goya tukunyar iskar, ya matsa jikinsa ya shiga duk da girmansa, ya fito da Falalu. Sun danna ƙirjinsa, sun hura masa iska. Ni na tuƙa su asibiti a motar Alhaji, kan Falalu yana kan cinyar Malam Abdulbaƙi. Likita ya duba shi, ya rufe masa fuska. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Mamman ya farfaɗo da yamma. Har yau in ya gan ni sai ya sunkuyar da kai, kullum kuma ina gaya masa ba shi ya yi ba. Duk Juma'a yana kai wa Luba alayyahu da tumatir daga ɗan abin da yake shukawa a bayan gida.

An yi jana'iza a Gama, abokan aikinsa suka zo da kakinsu, suka ɗauki makarar ba su bar wa kowa ba. Alhaji ya ɗauki nauyin karatun Ummu Salma, Allah ya saka masa. Maganar haƙƙinsa kuwa, Malam Abdulbaƙi yana ta zirga-zirga. Ya ce min abin da yake kawo cikas shi ne wai ba a bakin aiki ya rasu ba, ranar hutunsa ce. Na gaya wa Luba. Ta dai tambaye ni ko ya sha wahala, na ce mata yana dariya na ji muryarsa ta ƙarshe.

Bayan sadakar arba'in na je kasuwa na sayi igiya mai ƙwari, na kai tasharsu. Malam Abdulbaƙi ya karɓa ya murza ta a hannu, ya ce tana da kyau. Na roƙe shi ya koya min ɗaurin nan da yadda ake kwance shi. Ya zaunar da ni a gindin motar, ya yi ta nuna min har hannuna ya iya. Muna cikin haka na ga wani siriri yana shanya hankici a jikin taga, sabon ɗauka ne, sunansa Taufiƙ. Na tambaya, aka ce shi ake zurawa yanzu.

Na karɓi lambarsa. Jiya na ji jiniya ta nufi wajen Badawa, na gangara gefen titi na tsaya, Hajiyar gidanmu tana tambayata lafiya. Na kira Taufiƙ bai ɗauka ba. Sai bayan la'asar ya kira, ya ce rijiya ce, an fito da mutumin, shi kuma da igiya biyu aka zura shi.

Allah ya jiƙan Falalu, ya haskaka kabarinsa, ya raya abin da ya bari.