Ƙwaryar Nonon da Ludayi Ya Ƙi Shiga

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina aikin gato, wato kek, amma ranar da ta ƙi barin raina ita ce Juma'ar da na saka ƙwarya a firigo, wato firji. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan kun sha jin ana tsokanata da ita, kowa da irin gishirin da yake ƙara wa labarin. To ga yadda abin ya faru daga bakin mai shi.

Lokacin ina shekara ta uku a wurin Madam Ramatu, a ɗakin gatonta da ke bayan tasha a Gidan Rumji. Aikin hawa-hawa ne. Sabuwar ma'aikaciya takan fara da wanke kwanoni da awon fulawa da sukari, tana fasa ƙwai ɗaya bayan ɗaya a kofi kafin ta zuba, don kada ruɓaɓɓe guda ya ɓata ƙullu. Daga nan ta koma kaɗin ƙullu, sannan tanda, inda nake a lokacin. Na ƙarshe shi ne ado, wato lulluɓe gato da kirim, a yi masa fure da rubutu. Wannan kam Madam ba ta bar wa kowa. A Maraɗi ta koyo shi, kuma takan ce hannun da ya saba da wuta bai iya fure ba. Ƙa'idarta biyu ce: fasalin da ta rubuta a littafin komand, inda ake rubuta abin da masu saye suka nema, shi za a yi, kuma babu gaton da zai fita ƙofa sai ta gan shi da idonta.

Ranar Laraba wata yarinya mai suna A'isatu ta shigo. Bafulatana ce daga wata ruga a kan hanyar Gidan Sori, ta gama karatun ungozoma, an kuma ba ta aiki a likita, wato asibiti. Danginta za su yi mata walima ranar Asabar. Madam ta buɗe littafi ta rubuta: gato zagayayye, hawa biyu, fari, da fure ruwan hoda. A'isatu ta ce to, amma na lura ba ta wani ji daɗi ba. Da Madam ta shiga ciki, sai ta matso kusa da tanda ta ajiye mini wata 'yar roba cike da man shanu da galan na kindirmo, ta roƙe ni in yi ƙullun da su. Na kakarta ne, Inna Hajo, wadda ta yi shekaru tana tallan nono a kasuwa don jikarta ta zauna lakol ta yi karatun boko. Damuwarta ita ce tsohuwar ta riga ta ce ba za ta ɗanɗana ba. A cewarta gato burodi ne da aka shafa wa hoda kamar amarya, kuma ita ba ta cin abin da bai yi kama da abinci ba.

Wannan magana ta tsaya mini a rai. Na kwana biyu ina juya ta.

Ranar Juma'a da safe Madam ta tafi Maraɗi sayo kayan aiki. Ta bar umarni in gasa hawa biyun in bari su huce, in ta dawo da la'asar ta yi adon. Motarsu na tashi na je ɗakina na ɗauko babban kwanon silba da nake dama fura a ciki, na shafe shi da mai. Balki, wadda ke kan kaɗi, ta tambaye ni abin da nake shirin yi. Da na gaya mata, ta ce ita dai ba ta ji ba kuma ba ta gani ba, sannan ta ja kujera kusa don ta ga komai da kyau.

Gato mai zurfi irin wannan ba ya gasuwa a tashi ɗaya, bayansa zai ƙone cikinsa na ɗanye. Don haka na gasa gindin a kwanon silba, na gasa wasu biyu masu faɗi kamar faifai daban, na ɗora su da kirim a tsakani, na bi da wuƙa ina sassaƙa har ya fito ƙwarya sak, da baki da ciki. Na murza ƙullun sukari, na rina shi da ɗan kurkum da ɗigon kofi har ya yi launin ƙwaryar da ta sha hannu, na lulluɓe. Zanen jiki na yi shi da tsinke da ƙonannen sukari. Sama kuwa na zuba farin kirim na kindirmon tsohuwar, na shafe shi da bayan cokali mai ɗumi har ya kwanta yana sheƙi. Na rufe da faifai na gaskiya, na ɗora ludayi na gaskiya, na saka a firigo. Gaton da aka rubuta a littafi ban ko fara shi ba, domin man shanun da kindirmon duk sun tafi.

Madam ta dawo bayan la'asar a gajiye. Ta wanke hannu, ta ɗaura gyale a ƙugu, ta buɗe firigo. Ta daɗe a tsaye. Sannan ta juyo ta tambaya wace ce ta mai da firigonta rumfar masu nono, kuma ina gaton A'isatu.

Da na so, da a nan na faɗi gaskiya. Sai na sunkuyar da kai na ce, “Madam, abin da ke ciki shi ke nan abin da muke da shi.”

Ta yi faɗa ranar. Ta tuna mini ranar da na zo ban san bambancin gishiri da sukari ba, ta ce walima gobe da hantsi, ta tambaye ni ko nono za mu kai wa Fulani. Balki ta tura kanta cikin buhun fulawa wai tana awo, kafaɗunta na rawa. Ni kuwa ina tsaye ina cewa a yi haƙuri. Da Madam ta gaji, ta kai hannu biyu za ta fitar da ƙwaryar. Nan na ce ta ɗauka ta ƙasan faranti, kada ta matsa gefen. Ta dube ni, ta ɗaga faifan, ta kai hanci. Ta ɗan lakuci bakin ƙwaryar da farce ta sa a harshe.

Ba ta yi dariya ba. Ta zauna a kan benci ta kira sunana cikakke, abin da ba ta yi sai magana ta yi nauyi.

“Salamatu, kin san mutanen da za ki kai wa wannan? Tsohuwa ce mai kunya, ga surukai ga baƙi. In ta sa ludayi a gaban jama'a aka yi mata dariya, ba ita kaɗai kika kunyata ba, har yarinyar da ta amince da mu. Ke za ki kai da kanki. In abin ya ɓaci, kada ki dawo mini tanda.”

Sai a lokacin na farga. Ni wasa na hango, ban hango wannan ba. Lokacin sake wani kuma ya wuce.

Da sassafe kawun A'isatu ya zo da amalanken jaki, don babur zai wargaza kayan. Na zauna a kan tabarma, kwali a cinyata, na lulluɓe shi da jiƙaƙƙen zane saboda rana. Duk ramin da jakin ya faɗa sai na ji kamar a ƙirjina. Mun bi ta gonakin hatsi da wake, muka isa hantsi ya ɗaga. An share fili a gindin wani gawo, maza a tabarmi gefe guda, mata a bayan bukkoki.

Na ja A'isatu gefe na buɗe mata. Ta toshe baki da mayafi, ta ce mu fara kai wa kakarta a ɓoye. Haka na so ni ma. Muka sami Inna Hajo a bukkarta, 'yar siririyar tsohuwa, tana jera ƙore a kan gado. Na durƙusa na gaishe ta, na ajiye farantin a gabanta.

Ko faifan ba ta ɗaga ba. Ta kalle shi sau ɗaya ta ce da Hausarta mai karyayyen harshe, “Wagga ba ƙwarya ba ce. Ƙuda bai bi ta ba, kuma mai zanen ba ta taɓa riƙe wuƙar zane ba. Ɗiyata, wa ya koya miki jera tsaga a karkace?”

Na ce babu kowa. Ta ce ai ta gani. Sannan ta ɗaga faifan, ta daɗe tana kallon farin saman, ta girgiza farantin a hankali ta ga bai motsa ba. Sai na ga bakinta ya fara motsi. Ta tambayi A'isatu ko Mushe Bukar ya iso.

Mushe Bukar shi ne daraktan lakol ɗin da A'isatu ta fara karatu, ya yi ritaya. Babarbare ne, kuma kun san wasan da ke tsakaninsu da Fulani. Ashe shekara da shekaru, duk ranar da ya gamu da Inna Hajo a kasuwa sai ya ce nononta rabi ruwan rijiya ne, shi da ido kawai yake ganewa. Tsohuwar ta gyara ɗaurin kallabi, ta ce in ɗauko in biyo ta, kuma in na yi dariya kafin lokaci za ta sa a mai da ni gida a ƙasa.

Muka fito fili. Mushe Bukar na zaune a kujera ɗaya tilo da ke wurin, da babbar riga da tabarau. Na ajiye farantin a gabansa. Inna Hajo ta tsaya daga nesa kaɗan, ta ce yau dai ga nonon saniyarta, ya duba a gaban jama'a ya faɗi ko da ruwa.

Ya gyara zama, ya naɗe hannun riga. Ya ɗaga faifan, ya leƙa, ya ce tun daga launi ya ga alamar rijiya. Maza suka yi dariya. Ya ɗauki ludayi ya yi bisimilla ya kai. Ludayin ya tsaya a sama. Ya ƙara dannawa, sai ya nutse kaɗan ya kafe a tsaye kamar an dasa shi. Ya saki, ludayin bai faɗi ba. Ya cire tabarau ya goge ya mayar.

“Hajo,” in ji shi, “mi kika ba saniyar nan ta ci?”

Wurin ya kece. Dattawan da ke rufe baki da rawani suka kasa riƙewa, mata suka fito daga bayan bukkoki. Inna Hajo kuwa ko murmushi ba ta yi ba, ta ce ita dai tana jiran hukunci, da ruwa ko babu. Mushe Bukar ya ɗago ludayin da guntun gato a ciki, ya ɗanɗana, ya ce babu ruwa, amma wannan ne karo na farko, kuma a rubuta cewa sai da aka haɗa da wata Bahausa. Shi ya fi kowa dariya daga baya, har ya sa aka ɗauke shi hoto da ludayin a tsaye.

A'isatu ta yanka, aka rarraba. Tsohuwar ba ta ci a fili ba. Sai da muka koma bukka jikarta ta miƙa mata yanki a faifai. Ta gutsura kaɗan, ta daɗe tana taunawa, sannan ta ce wannan man shanunta ne, na jar saniyarta. Ta cinye, ta ce a ɓoye mata wani na gobe. A'isatu ta juya baya tana share ido da mayafi. Kafin in tafi Inna Hajo ta zaro wata tsohuwar ƙwarya daga cikin jerenta ta ba ni aro, ta ce in je in kalli zanen da kyau, kada in sake kunyata ta a gaban Barebari da karkatacciyar tsaga.

Na iso Gidan Rumji da azahar, na tarar hoton ya riga ni zuwa, yana cikin salular Madam, wayarta ta hannu. Ta saurari labarin har ƙarshe, ta ce na karya ƙa'ida, don haka mako guda zan koma wankin kwanoni. Na yi makon cur. A rana ta uku ina tsugune a bakin baho, ta zo ta tsaya a kaina ta tambaya, kamar ba da gangan ba, kurkum nawa na sa a ƙullun sukarin. Wata mata daga Tibiri ta bugo tana son irinsa, wani kuma yana tambaya ko za a iya yi masa tulu.

Abin da na ɗauka daga wannan rana shi nake so ku riƙe. Wasa a aikinmu yana da daɗi, kuma yana sayar da gato, amma kafin ki shirya shi ki tambayi kanki wa za a yi wa dariya, kuma ko zai iya ɗauka. Ni ban tambaya ba, Madam ce ta tambaya, tsohuwar kuma ta zaɓi wanda ya dace da kanta. Sannan duk abin da za ki kwaikwaya da sukari, akwai wanda ya yi rayuwarsa yana riƙe da na gaskiyar. Shi za ki fara nuna wa, a ɓoye, ki tsaya ki ji gyaran da zai yi miki ko da bai yi miki daɗi ba.