Ranar da Kawu Maikano Ya Ci Abincin Otel

Kawu Maikano yayan mahaifiyata ne. A Fagam aka haife shi, cikin ƙasar Gwaram, kuma a can aka binne shi. Danginsu Fulani ne da suka daɗe da zama wuri ɗaya. Fulatanci ya ɓace musu, sai 'yan kalmomin kiran shanu, amma kunyar tana nan yadda take. Shi bai damu da shanu ba, ya bar wa ƙannensa su. Dawaki ya riƙe. Ba a rasa goɗiya a turkensa, yana kiwon dukushi har ya isa hawa, sannan ya sayar wa fatake da masu unguwanni. In dokin wani ya ƙi cin harawa, ko ƙafarsa ta kumbura, shi ake aikowa a kira daga Dingaya har Zandam. Dogo ne siriri, mai ƙaramar murya. Na fi jin sa yana magana da doki fiye da mutum.

Sada ne ɗansa na fari. Ban taɓa jin Kawu ya ambaci sunan ba. In dole ta kama sai ya ce "yaron nan", daga baya kuma "mutumin makaranta". Ba ya zama tabarma ɗaya da shi, ba ya haɗa ido da shi, ba ya kai loma baki in yana wurin. Haka ake yi da ɗan fari a gidansu, haka aka yi wa shi kansa Kawun, kuma ba wanda ya taɓa ɗaukar abin a matsayin ƙiyayya. A ɗakin kakarsa Sada ya girma.

Shekaru kaɗan bayan samun 'yancin kai aka ɗauki Sada kwalejin Birnin Kudu. Mu a garin muke. Mahaifiyata, Inna Turai, tana da rumfar abinci kusa da tasha, inda direbobin Kano da Maiduguri ke tsayawa cin tuwo. Tun daga lokacin Kawu ya fara zuwa, duk zangon karatu. Akwai motar kasuwa, amma ya ce tana juya masa ciki. Kan wata goɗiya kili yake zuwa, fara tas, ya kwana a hanya, ya iso da goran man shanu, da zuma, da ƙwan zabi a cikin dusa don kada su fashe.

Ranar ziyara iyaye sukan shiga makarantar, su shimfiɗa tabarmi a inuwa, su buɗe kwanuka su ci da 'ya'yansu. Kawu sai ya miƙa wa Inna kayan ta shiga da su. Shi kuwa ya ɗaure goɗiyarsa a gindin wata tsamiya a tsallaken titi, ya yi ta gyaran sirdin da ba abin da ya same shi, har yara su fito filin ƙwallo da la'asar. Duk makarantar an san farar goɗiyar. Da an hango ta sai yara su ce wa Sada mai gadinsa ya iso. Sau ɗaya Sada ya tsallaka titin ya durƙusa ya gaishe shi. Ina tsaye da kwanon Inna a kaina. Kawu ya amsa yana duban kunnen goɗiyar, sannan ya tambaya, kamar ita yake tambaya, ko ana ƙoshi a makarantar nan. Sada ya ce ana ƙoshi. Iyakar hirar ke nan.

Sada ya gama, ya wuce jami'a, ya kama aikin gwamnati a Kano daidai lokacin da kuɗin mai suka fara shigowa. Ya sayi mota. Ni taubashiyarsa ce, don haka bai taɓa barina na huta ba, in ya zo sai ya ce wa Inna ta sayar masa da ni ko da rabin farashi, tunda ba na magana balle na cinye masa abinci. Mutum ne mai raha. Amma da an ambaci mahaifinsa sai rahar ta ɗauke. Ya sha gaya wa Inna cewa ya san al'ada, ba sai an karanta masa ba, amma shi ya gaji da uban da ke son sa daga tsallaken titi.

Ina shekarar farko a jami'a, na zo hutu, Sada ya zo da labarin an mayar da shi aiki Fatakwal, kuma bai san yaushe zai dawo ba. A shekarar wani Alhaji Barau ya buɗe otel a bakin babban titi, irin wanda garin bai saba gani ba: tebura da kujeru, fanka a sama, firji cike da lemon kwalba. Malaman kwaleji suka mayar da shi wurin zamansu. Sada ya ce abu ɗaya yake so kafin ya tafi, mahaifinsa ya zauna a wurin nan su ci abinci tare, sau ɗaya. Inna ta ce masa ya nemi wani abin, ko goɗiyar ce Kawu zai ba shi. Ya ce ba ya son goɗiya. Aka ba wani direba saƙon ya kai Fagam.

Ba mu zaci zai zo ba. Ya zo, a kan ɗiyar tsohuwar kilin, ita ma fara. Ya sa rigar da yake zuwa idi da ita. Da safe ya ƙi karyawa, ya ce yana ajiye wa abincin otel wuri. Ya tambayi Inna yadda ake cin abinci a can, ko akwai zaure, ko labule. Ta ce babu, kowa a ɗaki ɗaya, kamar masu jiran likita. Sai ya tafi ba goɗiyar kanwa.

Da azahar muka tafi. Inna ta ce za ta je ta ga miyar da ke ƙwace mata direbobi, ni kuma Sada ya ce dole 'yar jami'a ta koya wa mutanen ƙauye riƙon cokali mai yatsu. Abin da bai gaya mana ba shi ne ya gayyato abokansa biyu na makaranta, waɗanda yanzu suke koyarwa a kwalejin. Ɗayansu Malam Ɗanladi ne, yana cikin masu cewa mai gadi ya iso. Ina jin Sada so yake su gani da idonsu, shi da mahaifinsa a teburi ɗaya.

Kawu ya ɗaure goɗiyar kusa da motar ɗansa. Ya cire takalmi a bakin ƙofa. Aka ce masa ba sai ya cire ba, ya bar su a nan dai. Da ya ga baƙin ya ɗan tsaya, sannan ya gaisa da su ɗaya bayan ɗaya, ya zauna a gefen kujera, yana fuskantar Sada. A tsawon rayuwarsu ba su taɓa zama kusa haka ba. Aka kawo shinkafa da miya, da cinyar kaza a kan kowane faranti. Kawu ya wanke hannu, ya daɗe yana wankewa.

Sada ya ce, "Baba, bismilla."

Kawu ya dubi farantin. Ba wanda ya fara, tunda babba bai fara ba. Inna ta ɗanɗana miyar da yatsa, ta ce tumatirin gwangwani ne zalla, ko ƙamshin daddawa babu, in wannan ne abincin masu ilimi gara jahilcinta. Malaman suka yi dariya. Kawu bai ji ta ba. Na ga hannunsa ya tashi har bakin farantin, ya koma kan gwiwa.

Sai ya miƙe. Ya ɗaga kujerarsa a hankali don kada ta yi ƙara, ya juya ta tana kallon bango, ya ɗauki farantin ya ɗora a cinya, ya zauna. Bayansa na taɓa bakin teburinmu. Muka ji ya yi bismilla ƙasa-ƙasa. Ya fara ci.

Inna ta rufe baki da gefen mayafi. Ita ta san abin da take gani: tun haihuwar Sada yayanta bai haɗiyi ko ruwa a inda yaron yake ba. Amma mutanen sauran tebura sun juyo suna kallon tsoho yana cin abinci da bango. Malam Ɗanladi ya yi wata 'yar dariya, ba ta mugunta ba, irin wadda ke kuɓuce wa mutum in ya rasa abin yi. Fuskar Sada ta canza.

"Gwaggo, ko yau ma?"

Ta ce a hankali, "Ci abincinka, ɗan nan. Ai tare kuke ci."

"Da bango yake ci."

Ya ajiye cokalin, ya je ya sallami mai otel, ya fita. Abokansa suka bi shi, suna cewa ya tsaya. Motar ta tashi. Goɗiyar ta firgita, ta yi haniniya tana jan igiya. Mutumin da ke gane ciwon doki daga takunsa ba zai kasa gane cewa ɗansa ya tafi ba. Hannun Kawu ya tsaya a sama kaɗan, sannan ya ci gaba. Ya cinye shinkafar, ya ci naman, ya fasa ƙashin ya tsotse. Fanka tana ta juyawa a kanmu. Da ya gama, bai juyo ba ya yi tambaya.

"Turai, ya ci?"

Ta dubi farantin Sada, da cinyar kazar a inda aka ajiye ta. Ta ce, "Ya taɓa."

Ya ce alhamdu lillahi. Ya mayar da kujerar yadda ya same ta, bai kalli teburin ba, ya sa takalminsa. Da la'asar ɗin nan ya kama hanyar Fagam, duk da hadarin da ya haɗo.

Bai sake zuwa Birnin Kudu ba. Ba shi da wanda zai zo gani daga gindin tsamiya. Sana'arsa ma tana mutuwa, masu unguwanni sun koma babur, fatake sun koma mota, turakunsa suka zama wurin shanya. Farar goɗiyar kaɗai ya bari. Daga Fatakwal Sada yana aiko da kaya, rediyo, bargo, buhun shinkafa, amma shi bai zo ba, ko da salla. Mutanen Fagam sun ce in aka tambayi Kawu labarin otel, yakan ce shinkafar ba laifi, kujerun ne da tauri, kuma sun ci tare da mutumin makaranta. Ba ya ƙara komai a kai.

Da damina ta uku zazzaɓi ya kwantar da shi, bai tashi ba. Kafin saƙo ya kai Fatakwal, kafin Sada ya ratso ƙasar, an yi sadakar uku. A hanyarsa ta komawa ya tsaya a rumfar Inna. Ya rame, bai tsokane ni ba. Ta zuba masa tuwo da miyar kuka, ta sa man shanu daga goran ƙarshe da aka aiko daga Fagam. Ya zauna yana kallon kwanon. Can ya tambaye ta, ran nan a otel, bayan ya fita, ko Baba ya tashi ya bar abincin.

Ta ce, "Ya cinye. Har ƙashin."

Sada ya gyaɗa kai. Ya daɗe a zaune bai taɓa tuwon ba, direbobi na shigowa suna fita. Daga baya Inna ta rufe kwanon da faifai, ta kai shi ciki.