Tela Mai Gadin Numfashin Auta

Haihuwa da Tasowa

An haifi marigayiya, wadda unguwa ta fi sani da Tela, a shekarar 1951 a wani gari na bakin kogi. Mahaifiyarta ungozoma ce, mahaifinta kuwa ma'aikacin tashar duba yanayi. A wurinsa ta fahimci cewa iska tana shan ruwa kamar soso, idan ta yi sama ta yi sanyi, sai ruwan ya dunƙule ya zama gajimare. A lokacin dai hira ce kawai a wajenta.

Aure da Zuri'a

A 1970 ta auri wani kafinta, Allah Ya azurta su da 'ya'ya uku. Autansu, wanda aka haifa a 1979, ya zo da ciwon asma mai tashi duk sa'ad da laima ta cika iska, har likita ya gargaɗe ta cewa ɗaki mai danshi yana iya zama ajalinsa. Tun daga ranar hankalin baiwar Allah bai sake kwanciya ba. Gishiri ya jiƙe a kwalba, ko ƙofa ta kumbura ta ƙi rufuwa, sai ta ture keken ɗinki ta kasa kunne a ƙirjin yaron.

Shekarun Ƙaura

Tsakanin 1982 da 1995 iyalin sun yi ta sauya gida, domin ita kafin ta dubi faɗin ɗaki sai ta shafa bango ta shinshina. Maigidan yakan ce, "Ke kam da za a ba ki doguwar tsintsiya, da kin share gajimare." Ta ce, "Yi dariyarka, Malam, ba kai kake sauraron ƙirjinsa ba." Auta ya girma, ya yi aure, har furfura ta fito masa, amma da hadari ya haɗu sai ta kira shi a waya.

Rasuwa

Ta rasu da damina a 2021 bayan gajeriyar jinya. Wasiyya ɗaya ta bar wa babbar 'yarta: "Idan akwai hadari, kada ku bar Auta ya raka ni maƙabarta." Ranar kuwa iska ta tsaya cak, gabas ta yi baƙi ƙirin. Yayar ta tare shi a bakin ƙofa ta isar da saƙo. Ya ce, "Yaya, yau kam ba zan ji maganarta ba." Da shi aka sa ta a kabari, ruwa na zuba, ƙirjinsa na ƙara.

Ta bar 'ya'ya uku: babbar, malamar makaranta; na tsakiya, direba; sai Auta, wanda har yau yana nan da ransa. Allah Ya jiƙanta, Ya ba ta hutu.