Wanda Ya Wanke Usta Zubairu

Idirisu bai san ranar da aka haife shi ba, sai dai ranar da aka tsince shi. A gidan marayu na gwamnati a Khartoum ya tashi, kuma wani magatakarda ne ya ƙago masa sunan uba da na kaka don a cike takarda. Da ya cika shekara goma sha takwas aka ce masa ya tattara kayansa, wani na jiran gadon da yake kwanciya.

Akwai wata ƙungiyar mutanen gari da ta ce ita ce gatan irin waɗannan samari. Ranar fitarsa suka zo da mai hoto, suka ba shi bargo, suka yi alkawarin ɗaki da sana'a. Ɗakin ya zama benci a ofishinsu, shi ma bayan sati uku mai gadi ya hana. Cikin 'yan ƙungiyar mutum ɗaya ne ya cika magana, wato Usta Zubairu, babban tela a Kasuwar Libiya da ke Omdurman, Bahaushen garin wanda Allah bai ba shi haihuwa ba.

"Ka taɓa hawa keken ɗinki?" in ji shi.

"A'a, Usta."

"Gara haka, ba wanda ya riga ya ɓata maka hannu. Ɗauko jakarka."

Shekara goma sha uku ya yi a gidan. Larabci kaɗai ya zo da shi, a bakin matar Usta, Hajja Saratu, ya koyi Hausa, tana yi masa dariya tana gyara masa. Ya ƙware a yankan jallabiya har masu kawo ɗinki suka daina tambayar wane ne ya yanka. Bai san ranar da ya daina cewa Usta ya koma cewa Baba ba.

Da ɓarin jikin tsohon ya shanye, Idirisu ne ke ɗaga shi, ya yi masa wanka, ya aske masa gemu, sannan ya bi motar kasuwa ya buɗe shago. Jibrin, ɗan wan Usta, sau biyu ya leƙo cikin shekara biyu.

Usta ya so ya mayar da shagon da sunan Idirisu. A ofis aka ce sai da lambar ɗan ƙasa, ita kuma sai da shaida daga dangin uba.

"Ni ne ubansa," in ji tsohon, bakinsa a karkace.

Ma'aikacin bai ko ɗago kai ba. Ya ce, "Na jini muke nufi, ya Hajj."

Aka ce ƙungiya za ta iya rubuto wasiƙa a madadin dangi. Sau tara Idirisu yana zuwa, kullum sakatare ya fita. Kafin zuwa na goma Usta ya cika.

Idirisu ne ya wanke gawar, shi ya shiga kabari ya karɓe ta. Da aka dawo, ya tsaya cikin rumfar makoki inda ake karɓar gaisuwa. Jibrin ya matso kusa da kunnensa ya ce, "Nan wurin dangi ne. Je ka duba ko shayi ya kai ga baƙi."

Ya tafi. Kwana uku yana zagayawa da tire a makokin mutumin da shi ya yi jinyarsa. Rana ta huɗu ya tarar Jibrin ya sa sabon kwaɗo a ƙofar shago. Hajja Saratu ta yi kuka, ta yi Allah ya isa, amma tana gama takaba 'yan'uwanta suka kwashe ta zuwa ƙauyensu a Jazira.

Ya koma ƙungiya. Sabon shugaban ya saurare shi da kyau, sannan ya ce aikinsu bai haɗa da wanda ya wuce shekara ashirin da biyar ba. Ya ƙara da cewa za su so su sa labarinsa a rahoton bana, tunda yana cikin waɗanda suka yi nasara. Idirisu ya miƙe bai yi sallama ba.

Yanzu a unguwar Mayo yake, can gefen Khartoum, ƙarƙashin rumfar buhu, da tsohon keken da wani maƙwabci ya ara masa. Yawanci faci yake yi. Bai yi aure ba; gida biyu ya nema, duka a tambayar asali aka tsaya.

Ana saura kwana goma sallar layya sai ga Jibrin da farin yadi a leda. Shagon ya daɗe da komawa na sayar da waya.

"Na zaga Omdurman, ba mai yanka irin na marigayi," in ji shi. "Ai kai ɗan gida ne, ka taimaka."

Idirisu ya miƙe tsaye. Kwana biyu ke nan ba wanda ya kawo masa ko maɓalli. Ya zaro igiyar awo daga wuyansa.

"Ɗaga hannu," in ji shi.