Yadda Muka Nema wa Mma Barci

Mahaifiyata, wadda duk lungunmu na Nima ke kira Mma, ta ɗauki barci tamkar baƙo marar kunya, irin wanda in ka sakar masa fuska sai ya tare a gidanka. Koko da ƙosai take sayarwa a bakin titi tun kafin a haife ni, kuma mai wannan sana'a ba ta ga maciji da katifa. Kafin ladan ya yi gyaran murya ta tace gasara, ta buga ƙullun wake, ta hura wuta. Direbobin trotro, wato motocin haya, masu zuwa Circle da 'yan dako masu sammakon Tudu ba sa jiran kowa. In suka iske tukunya ba ta tafasa ba, gaba suke yi. Da hantsi ta tashi daga bakin titi, sai jiƙa geron gobe, sai kai niƙa, sai suna a Maamobi, sai biki a Alajo. Da dare kuma ga lasifikar maƙwabta, ga zafi in an ɗauke wuta.

Ba wai barcin ba ya kama ta ba ne. Barci ɓarawo ne, ya sha sace Mma da ludayi a hannu, mai saye na tsaye yana miƙo kwano. In ka ce, "Mma, kina gyangyaɗi," sai ta buɗe ido ta harare ka.

"Wa? Salati nake yi."

Mu 'ya'yanta mun ji jiki. In rana ta fito ta same ka a kwance, to ko dai kai malalaci ne ko marar lafiya, kuma maganin duka biyun ɗaya ne a wurinta: ruwan randa a tafin hannu. Ni kuwa Allah ya yi ni mai son barci, don haka na tashi da haushin abin nan, ba na ɓoyewa. Ranar da aka kai ni ɗakina a Maamobi, abin da ya fi faranta mini rai shi ne babu mai yayyafa mini ruwa.

Jikin Mma ya daɗe yana kai ƙara, ita ce ba ta saurara. In kai ya sara, ta shafa man zafi ta ɗaure shi tamau da ɗankwali. In ido ya yi nauyi, ta ɓara goro. Sai mantuwa ta shigo, ta ajiye abu ta yi ta nema tana zargin kowa. Sai faɗa, abin da bai kai ya kawo ba ta hau mutum. Mun ɗauka tsufa ne. Ran nan da safe tana tsame ƙosai jiri ya ɗebe ta, ta zame daga kan benci, saura ƙiris hannunta ya faɗa cikin mai. Ƙanwata ce ta kira ni, na bar keken ɗinkina na taho ko mayafi ban yafa daidai ba.

A asibiti wata likita matashiya ta ɗaura mata abin awo a dantse, ta duba, ta sake dubawa. Da yaren Twi take magana, ni ina mayar wa Mma da Hausa, ko da yake tana jin komai, ta dai ga dama ne a yi mata tafinta. Likita ta ce jini ya hau sosai. Ta yi tambayar gishiri, ta yi ta goro, sannan ta ce yaya barci. Mma ta yi dariya, ta ce a gaya mata akwai barci mai yawa yana jiran kowa a kabari.

Likita ba ta yi dariya ba. Ta ce ga ƙwayoyi, amma ƙwaya kaɗai ba za ta yi ba, sai Mma ta riƙa barci na ƙwarai. In ba haka ba, abin da ke gaba shi ne shanyewar ɓarin jiki. Wannan ban fassara ba, don na ga ya shiga. Yayar Mma haka ta ƙare, a kwance ana juya ta, ga baki ga magana amma ba ta fita. Tsoro ya kama ni.

Muka dawo gida muka tsara komai. Ƙanwata ta karɓi tukunyar koko, ni na dawo gida da ɗinkina. Matsala ɗaya, sabo turken wawa: idon Mma na buɗewa a lokacin da ya saba, ko da babu gasarar tacewa. Muka ce ba komai, in ta yi sallar asuba sai ta koma ta rama har hantsi, ta ƙara da rana. Dabara ce mai kyau. Abin da muka manta shi ne a Zongo muke, unguwar Hausawa.

A Zongo, in aka ce wane ba shi da lafiya ba ka je dubiya ba, ka yi abin kunyar da za a tuna maka har ranar sunan jikanka. Mma kuwa babu gidan da ba ta taka ba, zumunta a ƙafa take, yanzu lokacin ramawa ya zo. Ana sallame asuba za ka ji, "Salamu alaikum, agoo!" Matar liman, matan ƙungiyarsu, masu niƙa, direbobin da suka sha kokonta tun suna yaran mota. Ta rufe ido ke nan, sai a ɗaga labule.

"Ei, Mma! Shi na kwana? Sannu paa! Dokta ya ce ka kwana, ka kwana wai, kar ka yi wasa da presha."

Wallahi haka suke yi, da Hausarsu ta Zongo da ba ta raba mace da namiji. Su tashe ta daga barci su yi mata wa'azin barci. Kowa kuma da nasa maganin: wannan tafarnuwa, wancan prekese, wani ɗan itace na jiƙawa, wata zoɓo ba sukari, wani rubutu a kwalba. Ita kuma Mma ba za ta amsa gaisuwa a kwance ba, ai raini ne. Sai ta tashi zaune, ta gyara ɗauri, ta sa a kawo ruwa, ta tambayi maigida da yara da wanda ke Kumasi da wanda ya tafi Saudiyya. Kafin waɗannan su sa takalmi wasu sun cire nasu. Mace ɗaya ta taso tun daga Alajo, ta zauna daga hantsi har la'asar tana ba ta labarin duk waɗanda hawan jini ya kashe.

Haƙurina ba shi da tsawo, kowa ya sani. Ran nan na ja kujera na tare ƙofa, na ce Mma na barci, a dawo wani lokaci. Wata dattijuwa ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Ni ka ke hana shiga? Ni ya yi ma uwanka wankan jegonka! Yaran yanzu, ba kunya koraa."

Ta juya tana tafa hannu. Ashe Mma na ji. Ta kira ni ciki, ban taɓa ganin ranta ya ɓaci haka ba.

"So kike a ce na kori mutane? Ranar da na mutu ke kaɗai za ki wanke ni? Tashi ki bi ta ki ba ta haƙuri."

Na bi ta, na durƙusa a tsakiyar lungu kusa da kwata, masu babur na ratsa ni, na ba da haƙuri ina cizon haƙora.

Da muka koma asibiti, jinin ya fi na ranar da ta faɗi. Wato Mma ta fi samun hutu tana sayar da koko a kan tana jinya. Likita ta ce ko a ba ta gado ne? Na ce ta rufa mana asiri, in aka ji an kwantar da ita, Nima gaba ɗaya za ta yi hayar mota. Na fito ina dariya, amma a cikin trotro hawaye suka zubo mini. Gaba kura baya sayaki: in na bar ƙofa a buɗe ƙauna za ta kashe mini uwa, in na rufe ɓacin rai ya kashe ta.

Mai gidan da muke haya tsohuwa ce da aka kawo amarya daga Nijar tun Nima na da fili. Ita ce shugabar matan unguwa, Magajiya ake ce mata. Ta gan ni zaune na zabga tagumi, ta tambaya, na zazzage mata komai har da ƙarin gishiri. Ta saurara tana taunar asawaki.

"Ɗiyata, ke kin yi wauta, su ma sun yi. Ba a korar mai gaisuwa. Amma ana karɓa wa mutum gaisuwa. Mai jego ita ke fitowa ta amsa wa kowa barka? Ba manya ke zama ba?"

Washegari bayan asuba ta sa aka mai da Mma ƙuryar ɗakinta, can inda ko jikokinta ba sa shiga. Ita kuma ta shimfiɗa babbar tabarma a ƙofar gida, ta sa lufaya, ta zauna da carbi da farantin goro. Duk wanda ya yi sallama sai ta ɗora yatsa a baki, ta nuna masa wuri.

"Ni ke amsa mata. Zauna. Ina gajiya? Ina yara?"

Wa zai ce Magajiya ba ta isa ba? Ai girma aka ƙara wa mutum. Aka yi ta gaisawa da raɗa, a yi addu'a da raɗa, a shafa, a ajiye tafarnuwa a tafi. Har dattijuwar da na ɓata wa rai ta dawo, ta zauna gefen Magajiya tana taya ta hana mutane ɗaga murya. Mma ta yarda ne kawai don an yi mata alkawari da yamma za a faɗa mata duk wanda ya zo, don ta san wanda bai zo ba.

Hantsi ya yi, shiru. Rana ta take, shiru. Na kasa taka keke don kada ƙararsa ta kai mata. Aka kira azahar a masallacin lungu, aka kira a na bakin titi, matar da ba ta taɓa bari a tayar da iƙama tana zaune ba, ko motsi ba ta yi ba. Tun ina murna har murnar ta koma ciki. Na ajiye almakashi na lallaɓa na ɗaga labule.

Tana kwance a gefe ɗaya, ɗankwali ya zame, furfura a waje, baki a ɗan buɗe, hannun ludayin nan a sake a kan zane. A nan na gane cewa ni, da aurena da 'ya'yana, ban taɓa ganin fuskar uwata tana barci na ƙwarai ba. Kullum ta riga ni tashi, kullum na riga ta kwanciya. Ban san haka take ƙanƙancewa ba. Na tsaya ina kallon ƙirjinta, ɗakin da duhu, na kasa tantance ko yana ɗagawa. Na kai yatsa kusa da hancinta, ban ji komai ba. Ban san lokacin da na kama kafaɗarta na girgiza ba.

"Mma! Mma!"

Ta buɗe ido ɗaya, ja wur, ta dube ni.

"Ke ma dubiyar kika zo?"

Ta ga fuskata, ta gane. Ba ta yi faɗa ba. Ta matsa jikin bango, ta jawo bakin zanena.

"Ina nan. Kwanta."

Na kwanta a bayanta, na kifa goshina a tsakanin kafaɗunta inda zan riƙa jin numfashin na shiga yana fita. Kafin in gama share hawaye ta koma barci.