An Naɗa wa Ubana Rawani Bayan Ransa

A makon nan mahaifiyata, Inna Falmata, take cika shekara goma sha biyu da rasuwa. Allah Ya jiƙanta, Ya kai haske kabarinta. Duk shekara in lokacin ya zagayo, abin da nake yi bai wuce in sa a soya waina a raba wa maƙwabta, in zauna in yi mata addu'a ba. Ban taɓa zaton zan kawo maganarta jarida ba, don ita mace ce da ba ta son a yi ta yamaɗiɗi da ita. Bana dole ce ta sa. An rubuta littafin soyayya a kan aurenta da mahaifina, matan Kano sun karanta, waɗanda ba su karanta ba sun ji a rediyo, kowa yana tofa albarkacin bakinsa, kuma mutumin da suke ta yabo a ciki ba ubana ba ne.

Ubana mahauci ne. Sunansa Tanko. Ubansa mahauci ne, kakansa ma haka. Yana da tebur a kasuwar Sabon Gari, masu sayen namansa yawanci matan Inyamurai ne da ma'aikatan tashar jirgin ƙasa. Inna kuwa 'yar Alhaji Bukar ce, Babarbare, wanda kakanninsa suka zo Fagge da fatauci, shi kuma ya yi arziki da cinikin fatu da ƙiraga. Wato dai dukiyar kakana daga bakin wuƙar mahauta ta fito, amma mahauci bai isa ya zauna a kan tabarmarsa ba. A wancan zamanin, shekarun da Turawa suke shirin tafiya, ba shi kaɗai ba ne. Mahauci 'yar mahauci yake aura, kowa ya san haka, ba a ma tsaya tattaunawa.

Inna ba yarinya ba ce lokacin. Mijinta na fari ya rasu, ta gama takaba, tana zaune a gidan ubanta. Da babbar salla ta zo aka kira Tanko ya feɗe ragunan layya, kamar yadda ake kiran ubansa a da, aka aike ta da tasoshi ta karɓo kayan ciki. Ta ce min abin da ta fara gani hannunsa ne. Rago biyar ya feɗe, babu fatar da ya huda, bai kuma ɗago ya kalli matan gidan ba ko sau ɗaya. Ita ce ta fara yi masa magana, kuma har ta tsufa ba ta jin kunyar faɗin haka.

Da zance ya kai kunnen Alhaji, gidan ya kama da wuta. Inna ta tuna masa cewa ita bazawara ce, addini ya ba ta bakin magana. Ƙanin Alhaji, wani malamin zaure mai taurin kai, shi ya tsaya mata waliyyi. Aka ɗaura aure babu gara, babu kayan ɗaki, ko tabarma ba a bi ta da ita ba. A Fagge duk wanda suka nemi haya a wurinsa sai ya ce ɗakin an riga an kama. Wata Inyamura mai sayen nama a wurin Baba, matar kafinta, ita ta ba su ɗaki a bayan gidanta a Sabon Gari. A ɗakin nan aka haife ni. Gwaggonnin Inna suka riƙa cewa ta bar ƙamshin turaren gidansu ta koma shaƙar ƙarni a cikin baƙi.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne sallar da ta biyo baya. Alhaji ya aiko a kira Tanko ya zo ya feɗe raguna. Kowa ya san suruki ba a kwaɗa masa kira da sunansa a ƙofar gida, akwai kunya a tsakani, shi ma suruki takalmi yake cirewa ya gaisar daga nesa. Alhaji kuwa sai ya tsaya a gaban jama'a yana cewa kai Tanko yi nan, kai Tanko yi can, in an gama a miƙa masa wuyan rago, rabon mahauci, ya kama hanya. Nufinsa a fili yake: ban san wani suruki ba, mahaucina na sani. Inna ta yi kuka, ta roƙi Baba kada ya sake zuwa. Ya ce mata shi wuƙarsa ba abin kunya ba ce, in ya ƙi zuwa ne zai nuna yana jin kunyarta. Ya je bara, ya je bana, har salla huɗu.

A ta biyar ba a aiko ba. Baba ya wasa wuƙaƙe tun da safe yana jira, shiru. Can da la'asar sai ga aike daga Fagge, cinyar rago guda a cikin tasa an rufe da faifai, aka ce Alhaji ya ce a kai wa maigidan Falmata. Bai ambaci sunan ba. Ashe wani mahaucin daban Alhaji ya kira ya yi masa aikin. Inna ta ce zama ta yi a dokin ƙofa da ni a bayanta. Baba kuma ya juya cinyar nan, ya sake juyawa, ya ce ko wane ne ya yi wannan yankan ya ɓata nama. Iyakar abin da ya ce ke nan, amma ranar bai iya cin abinci ba.

Wannan labarin Inna ta ba 'yar ƙanena, takwararta, wadda muke kira Ummi don ba ma iya faɗin sunan. Ummi tana jami'a lokacin, tana son rubutu, ta zo da 'yar rikodarta. Inna ta ƙi, ni na lallashe ta. Na ce ai jininki ce, sunanki gare ta, wa zai riƙe miki amana in ba ita ba? Sati uku suna zama bayan azahar. Ranar ƙarshe ina wurin, Inna ta kama hannunta ta ce, “Ki rubuta shi yadda yake, da wuƙarsa da ƙarninsa. Haka na gan shi na ce ina so.” Ummi ta ce ta ɗauki alkawari.

Littafin ya fito bara. Ba zan faɗi sunansa ba, ba zan yi masa talla a kyauta ba. Gaskiya yarinyar ta iya rubutu. Ta zana Fagge ta da har sai da na ji kamar in leƙa lungunmu, ta kawo kukan jirgi da hayaniyar 'yan dako, ta sa matar kafinta da gurguwar Hausarta. Ta mayar da Inna budurwa 'yar shekara sha bakwai, na ce to, wannan na haɗiye. Sai da na kai babi na kusa da ƙarshe. A nan wata tsohuwa ta ga tabo a kafaɗar mahaucin, ta fashe da kuka, ashe wai ɗan wani hakimi ne da aka sace yana jariri, mahauta suka tsince shi suka raine shi. Attajiri ya durƙusa yana neman gafara, aka naɗa wa yaro rawani, aka sake biki. Babu salla huɗu, babu cinyar rago. Na rufe littafin, na ji kamar a ranar aka yi min rasuwar iyayena duka biyu.

Ra'ayoyin masu karatu su suka ƙarasa ni. A makarantar Islamiyyar da nake zuwa, wata Hajiya ta ce ita tun farko ta san ba mahauci ba ne, don irin wannan kawaici da nutsuwa sai jinin sarauta. Wata ta ce da marubuciyar ta bar shi a mahauci da ta jefar da littafin, don ita ba za ta ɓata hawayenta a kan bangaro ba. Wata kuma, mai ganin ta waye, ta ce littafin ya koya mata kada a raina talaka, don ba ka san ko ɗan wane ne ba. Ina zaune a tsakiyarsu, carbi a hannu, ba wadda ta san 'yar bangaron ce take gyara musu karatu.

A rediyo, bayan an gama karanta shi, aka buɗe layi. Yabo ya yi ta zuba. Mutum ɗaya ne ya bambanta, ya ce yana kira daga layin 'yan nama a Sabon Gari, shi da abokan sana'arsa sun bi labarin tun daga farko suna murna yau an tuna da su. Ya ce, “Malam, don Allah a tambayar mana ita, me ya hana ta bar mana shi?” Mai gabatarwa ya yi dariya, ya ce ai labari ne, Sarkin Fawa, ya ɗauki kira na gaba. Ban san mutumin nan ba, amma shi kaɗai ya karanta littafin da Inna ta bayar a rubuta.

Na kira Ummi gida na tambaye ta. Ba ta musa ba. Ta ce ta fara rubuta shi yadda yake, waɗanda ta nuna wa suka ce mata babu mai saye. Ta ce masu karatu suna son a nuna musu so ya fi ƙarfin asali, amma a ƙarshe suna son a kwantar musu da hankali cewa asalin ma yana nan. Sannan ta ɗago ido ta ce, “Gwaggo, ke da Abba kun taɓa gaya mana sana'ar Kaka? A bakin Inna na fara ji.” Na so in kwaɗa mata mari, amma gaskiya ta faɗa. Tun ina makarantar 'yan mata, duk takardar da aka ce a rubuta sana'ar uba, ɗan kasuwa nake rubutawa. Ƙanena ya yi aikin banki, ya tashi daga unguwa, ya rasu ba wanda ya ji kalmar mahauci a bakinsa. Mu muka fara rufe Baba da zane, ita ta zo ta naɗa masa rawani a kai.

Nakan tambayi kaina me Inna za ta ce da ta ga Kanon yau. Jikokinta sun yi karatu, 'yan mata suna tuƙa mota, kowa yana rantsuwa cewa zancen asali ya wuce. Ina jin dariya za ta yi, irin tata mai ɗan ɗaci. A zamaninta mutum yakan tsaya a ƙofar gidansa ya ce ba na yi da mahauci, ka san inda ka dosa da shi, har wata rana ya gaji ya aiko da cinya. Yanzu kuwa sai a yi kuka a kan labarinka, a ce ana son ka, amma sai an canza maka uba tukuna.

Da a nan abin ya tsaya da ban yi rubutun nan ba. Ummi tana da ƙanwa, Safiyya, autar ƙanena, yarinya mai hankali da ta tashi a hannuna. Wani yaro ɗan babban gida ya fito, har sun kawo akwatin na-gani-ina-so. Uwarsa ta karanta littafin, ta kuma ji cewa tarihin gidan su amarya ne, ta yi ta murna za ta haɗa iri da jikar hakimi. Amma irin gidajen nan ba sa ɗaura aure sai sun yi binciken asali, kuma ni ce babbar da ta rage. Ummi ta zo ta durƙusa. Ba ta ce in yi ƙarya ba, cewa ta yi in sun tambaya in ce abin da ke cikin littafi ke nan, in yi shiru.

Tsofaffi biyu daga gidan su yaron suka zo, muka gaisa, suka sha ruwa. Bayan kewaye-kewaye ɗayar ta tambaye ni wace ƙasa ce hakimin yake riƙe da ita. Wallahi na yi niyyar yin shiru, don Safiyya. Sai na ji bakina yana cewa, “Hajiya, ubana mahauci ne, ɗan mahauci. Ba a sace shi ba, ba a tsince shi ba. Uwata ta san haka ta aure shi.” Suka ce Allah Sarki, ai sana'a ce, duk ɗaya ne. Suka yi godiya, suka nemi takalmansu.

Bayan sati biyu aka aiko cewa yaron zai tafi ƙaro karatu, a dakata tukuna. Duk mun san ma'anar wannan. Ummi ta daina ɗaukar wayata. Safiyya ita ta zo da kanta, idonta a kumbure, ta gaishe ni yadda ta saba, ta share min tsakar gida ba tare da na sa ta ba. Da za ta tafi ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, “Gwaggo, ke kin fita haƙƙin mahaifiyarki. Ni fa?” Na raka ta da ido har ta fice.

Yau da nake auna abin da ya saura na Inna, ba na ganin sa a littafin da yake ɗauke da labarinta, ba na kuma ganin sa a wurin wadda take ɗauke da sunanta. Taurin kanta dai yana jikina, na tabbatar da hakan. Sai dai akwai bambanci, kuma shi yake damuna. Inna ita ta zaɓa wa kanta, ita ta sha wuyar zaɓinta. Ni na faɗi gaskiyarta, wata ce take shan wuyar. Har yanzu ina jin zafin Ummi, ba zan ɓoye ba, kuma da tsofaffin nan za su dawo, abin da na faɗa shi zan sake faɗa. Amma ban isa in ce wa Safiyya ta gode min ba. Akwatin mutanen yana ɗakina. Ranar Asabar za a mayar musu da kayansu, kuma a al'adarmu wannan aikin gwaggo ne.